Keken da Auta Ta Ɓata da Gangan

"Mutum ya ce ya haƙura, Auta! Ana dole ne?"

Yaya ne yake wannan faɗan. Yana tsaye a tsakiyar falo da makullin mota a hannu, tun ɗazu yake cewa fita zai yi, har yanzu bai kai ƙofa ba. Auta tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba, ta sunkuyar da kai tana cire wani zare da ya maƙale a mayafinta. Tela ce, duk inda ta zauna sai an tsinci zare.

"Ba shi ya faɗa ba, Yaya. Ciwo ne ya faɗa."

"Ciwo baki gare shi? Da kunnena na ji. Cewa ya yi ki je ki auri mai lafiya. Ga Mai Yadi nan, mutum da shagonsa da hankalinsa, tun bara yake bina da roƙo kamar ni ne budurwar."

Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa.

Abin haushin shi ne Mai Yadi ba shi da aibu. Da mugu ne da Auta ta samu abin faɗa. To mutum ne mai kunya, in ta je sayen yadi ma ba ya iya haɗa ido da ita, sai dai ya yi ta auna yadin yana maimaitawa. Laifinsa ɗaya a duniya, ba shi take so ba.

Baba ya gyara zama ya ce, "Ban taɓa yi wa ɗana dole ba, ba kuwa a kanki zan fara ba. Amma ba zan zuba ido ki ƙare ƙuruciyarki a ƙofar ɗakin wanda ya ce ba ya yi ba. In yana sonki, ya tako da ƙafarsa ya faɗa min da bakinsa. Ba mahaifiyarsa ba, ba ke ba, shi. In watan nan ya ƙare bai zo ba, zan ba Mai Yadi izini ya fara zuwa, ke kuma ki saurare shi tsakani da Allah. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Bakinta ne ya yarda. Zuciyarta kuwa ba ta yarda ba, don ta san wanda ake cewa ya tako har gidansu, ƙofar ɗakinsa ma da ƙyar yake kaiwa.

*

Wanda take so ɗin Injiniya ake ce masa, amma ba injiniya ba ne. Mai gyaran keken ɗinki ne, telolin layinsu ne suka laƙaba masa sunan, ya kuma bi shi. Ba ya fara taɓa keke sai ya saurare shi, ido a rufe, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. Sau ɗaya ya zo gyaran keke a shagon Auta. Daga ranar kekenta ya zama keken da aka fi dubawa a layin, ba don yana da komai ba.

Gidajen biyu duk sun san da maganarsu, har an fara shawarar lokaci. Sai ranar da ya ɗauro kan wani keke a bayan babur, mota ta kwashe shi a mararraba, kansa ya daki bakin kwalbati. Ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba.

Da ya farka, ƙashi ya haɗe, rauni ya rufe, aka sallamo shi, kowa ya yi hamdala ya ɗauka an gama. Ashe da saura. Magana ta koma zuwa masa a makare, sai ya buɗe baki kalmar ta ƙi fitowa. Hayaniya tana sara masa kai. Abin da aka faɗa masa da safe, kafin yamma ya zube. Ya daure ya koma shago rana ɗaya, wani tela ya tsaya masa a kai yana cewa ya yi sauri, ya ɗaura ƙoshiyar zaren keke a juye a gaban mutane. Ba wanda ya yi dariya, tausayinsa suka ji, shi kuwa da ma dariyar suka yi.

Ya dawo gida ya shige ɗaki ya kwanta. Tun daga ranar sai kwanciya. Abinci sai an yi da gaske, wanka sai an roƙa. Da Auta ta matsa masa da zuwa, ya juya fuskarsa bango ya ce mata ta nemi wani.

Mama, mahaifiyarsa, ta mai da gidan kamar gidan makoki don so. An kashe rediyo, ana tafiya da sanɗa, ana magana da raɗa. Jakar kayan aikinsa ta kulle ta a akwatinta don kada ya gani ransa ya ɓaci. Ita ke zaɓa masa riga, ita ke amsa masa gaisuwa. In ya fara magana ya tsaya, kafin ya nemo kalmar ta ƙarasa masa.

Likitan da ya duba kansa a asibiti shi ya tura su wurin wata likita, ya ce ita ba ta allura, ba ta tiyata, da magana take aiki.

"Magana?" in ji Mama. "Mu ɗin me muke yi masa tun safe har yamma?"

Amma dai Auta ta lallaɓa ta suka je. Ɗaki ne ƙarami, kujeru da taga, ba gado, ba warin magani. Likitar mace ce mai sanyin murya, gilashinta a rataye a wuya. Ta fara ganin Injiniya shi kaɗai, an jima sannan ta kira su ciki.

"Ka yarda in sake tambayarka a gabansu?" ta ce masa. Ya gyaɗa kai. "In ka farka da safe, me kake fara ji?"

"Ai ba ya ma barcin kirki," in ji Mama, "sai ka ji shi yana..."

"Mama, ki yi min haƙuri. Shi nake tambaya. Mu jira shi."

Aka jira. Auta ba ta taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Tana ganin leɓensa yana motsi, amsar tana kan harshenta, ta danne ta da ƙyar.

"Nauyi," ya ce daga ƙarshe. "Ba na jin... daɗi. Ba na jin yunwa. Nauyi kawai. Sai in ce... ina ma ban farka ba."

Mama ta toshe baki da mayafi.

Likita ta ce, "Na gode da ka faɗa a gabansu. Mun yi maganar wannan ni da kai, kuma mun yi alkawarin duk ranar da ya yi ƙarfi za ka faɗa wa wani nan take." Ta juyo wurinsu. "Abu biyu ne suka haɗu masa. Akwai raunin ƙwaƙwalwa, shi ke kawo mantuwa da gajiya da jinkirin magana. Sai kuma ciwon damuwa, wanda ya saba biyo bayan irin wannan buguwar. Ba ragwanci ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Ciwo ne, kuma ana maganinsa. Zai ci gaba da shan abin da likitansa ya rubuta, ni kuma zai riƙa zuwa muna zama."

Ta dube shi. "Damuwa tana ce maka ka kwanta sai ka ji sha'awar tashi. Yaudararka take yi. Tashin ake fara yi, sha'awar ta biyo baya a hankali. Mama, ina kayan aikinsa?"

Mama ta yi tsuru-tsuru. "Na adana."

"A mayar masa. Aiki kaɗan, da safe kafin kansa ya gaji, a wurin da ba hayaniya. Kada a yi masa abin da zai iya yi da hannunsa. Kuma in an ba shi aiki, ya zama na gaske."

Auta ta ji wannan ta ƙarshen sarai. Sai dai wa'adin watan da Baba ya ba ta ne yake gudu a cikin kanta, ya fi muryar Likita ƙarfi.

*

An samu canji, amma irin na tafiyar hawainiya. Ya fara fitowa tsakar gida da safe, ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage jakarsa yana goge sukundireba ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya yi, wata rana ko ƙofa ba ya buɗewa. Likita ta ce hakan ma ci gaba ne. Auta ta ce to, amma wata ya raba, Yaya kuma ya fara gaishe da Mai Yadi da "surukina" a gabanta.

Ba ta faɗa wa Injiniya sharaɗin Baba ba. Tsoro take ji kada nauyin ya ƙarasa shi.

Abin da take so shi ne ya gyara keke ɗaya, ɗaya tak, ya ga har yanzu shi ne. To ina za ta samo keke mai ƙaramar matsala wadda ba za ta gagare shi ba? Nata lafiyarsa ƙalau. Laifinsa ne ma, ya gyara shi da kyau har ya ƙi lalacewa.

Ta zauna a shago tana kallon keken, keken yana kallonta. Can ta ɗauki almakashi, ta sa bakinsa a ɗan notin da ke matse zare, ta murɗa. Da ƙyar ya motsa. Ta gwada ɗinki, zare ya cukurkuɗe a ƙasan ƙyalle. Ta yi murmushi, har da yaba wa kanta wayo.

Washegari da safe ta kwance kan keken, ta rungume shi ta shiga motar haya. Tana shiga gidan tana haki.

"Injiniya, ka rufa min asiri! Ɗinkin mutane a hannuna, keke ya ƙi."

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi keken. Ta ga tsoro ya gilma a idonsa, har ta so ta fasa. Sai ya matsa gefe a kan tabarmar.

"Ajiye. Juya shi... in ji."

Ta juya da hannu. Ya rufe ido. Rabon da ta ga ya yi haka tun kafin hatsarin, sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido.

"Zare," ya ce. "Ya yi... sako-sako."

Ya fara bi a hankali. Yatsunsa suna ɗan rawa, sukundireba ta zame masa ta faɗi, ya ɗauka. Mama tana leƙe ta tagar kicin, ta manta da abin da ta ɗora a wuta. Ya duba allura, ya duba ƙoshiya, ya tsaya ya huta, ya dawo. Da ya iso kan notin ya ɗaure shi, ya karɓi ƙyallen gwaji ya ɗinka. Layi ya fito sumul.

Ya yi murmushi. Ɗan kaɗan ne, ta gefe ɗaya, amma murmushi ne.

Da Auta ta yi shiru a nan da an rabu lafiya. Ina! Farin ciki ya kwashe ta.

"Ka gani! Wallahi babu kamarka a duk layin! Ba na faɗa maka ba? Ka koma kamar da, Injiniya, kamar da sak!"

Ya dube ta. Yabon ya yi yawa a kan aikin da bai kai ya kawo ba, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Ya mai da ido kan keken, ya shafa notin da babban yatsa. Ya karkata shi wajen haske.

Murmushin ya ɓace.

"Auta. Wannan tabon... sabo ne."

Ta sunkuyar da kai.

"Bakin almakashi ne. Sau nawa na ce... ki daina taɓa noti da almakashi?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi. "Wannan ba ya kwancewa... da kansa. Ni na ɗaure shi."

"Don Allah ka tsaya ka ji..."

"Kin ɓata shi... don in gyara. Kamar yadda ake ba yaro... abin wasa."

"Ba haka ba ne! Wallahi so nake ka ga za ka iya!"

"Na iya me? Abin da kika ɓoye min... don in tsinta?" Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Kowa a gidan nan ƙarya yake min. Ƙarya mai daɗi. Ka yi kyau, ka ji sauƙi, ka kusa warkewa. Na ce Auta dai... ita ba za ta yi min ba."

Ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Ka yafe min, masoyina. Na yi wauta. So ne ya sa."

"Na sani." Ya tura mata keken a hankali. "Shi ya sa nake cewa ki tafi. Wanda kike so... wancan na da ne. Ya mutu a bakin kwalbati. Ni ragowarsa ne. Kullum kina leƙen fuskata... ko ya dawo. Ba zai dawo ba, Auta."

Ya dafa bango ya miƙe ya shige ɗaki. Ta ji ƙarar sakata.

Mama ta fito da gudu ta rungume ta. Suka zauna a kan tabarmar suna kuka su biyu, kayan aikinsa a warwatse a gabansu, ƙauri yana tasowa daga kicin.

*

Auta ta ɗauka ba zai je zama na gaba wurin Likita ba. Ya je. Ta same shi a can, ya zauna a kujerar da ta fi nisa da tata.

Ita ta fara ba da labarin, ba ta rage komai ba. Likita ta saurara, ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma wanke ta ba.

"An ɓata maka rai, kuma kana da gaskiya," ta ce masa. "Amma ina da tambaya. Wa ya nuna maka tabon?"

Ya ce, "Ba kowa."

"Wa ya tuna maka cewa kai ka ɗaure notin?"

"Ba kowa."

"To wannan ba ita ta shirya maka ba. Ka ajiye shi a gefe, kada damuwa ta ɓoye maka shi." Ta gyara gilashinta. "Ka ce mata wanda take so ya mutu. Ta faɗa maka haka, ko kai ka yanke?"

"A fili yake."

"Damuwa ta iya sa abu ya yi kamar a fili yake. Ga ta nan zaune, mu tambaye ta. Amma ke kuma da sharaɗi. Ban da lallashi, ban da za ka koma kamar da. Ni kaina ban san iya inda zai kai ba, balle ke. Gaskiya kawai yake nema a wurinki."

Auta ta share fuska. Ta buɗe baki za ta yi magana mai taushi, sai ta ji wani abu daban ya taso mata, wanda ta daɗe tana dannewa.

"To gaskiya, haushinka nake ji."

Ya ɗago da sauri.

"Eh, haushi! Ina kewar yadda kake tsokanata, ban ɓoye ba. Ina tsoro, wani lokacin har barci ya gagare ni. Na san ƙila mantuwar nan ba za ta tafi duka ba. Duk na sani. Amma ka ce na yanke maka abin da za ka iya ban tambaye ka ba, kai fa? Wa ya ba ka izinin yanke min wanda zan so? Ka juya min baya ka ce in nemi mai lafiya, kamar ni yadi ce za a mayar shago a canzo! Wanda ya rufe ido yana sauraron kekena ranar nan, hannunsa yana rawa bai fasa ba, shi nake so. Ba na da ba. Shi!"

Kuka ya ci ƙarfinta. Likita ta tura mata ruwa.

"Akwai kuma abin da na ɓoye maka," ta ce da ta samu numfashi. "Baba ya ce in watan nan ya ƙare ba ka je ka faɗa masa da bakinka kana sona ba, zai ba Mai Yadi izini. Na kuma ce na yarda."

Injiniya ya ƙura wa tafin hannunsa ido.

"Saura... yaushe?"

"Jibi ne ƙarshe."

Likita ta ce, "Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Naka ne. In ka ga za ka je, za mu iya shirya yadda zai zo maka da sauƙi. Ka je da safe. Ka fara gaya masa maganarka tana jinkiri, ya ba ka lokaci. Kana so mu gwada yanzu?"

Auta ta zuba masa ido.

"Na gaji," ya ce. "Ina so... in koma gida."

Ya fita bai dube ta ba.

*

Ranar ƙarshen wata Auta ba ta buɗe shago ba. Ta share falo, ta sake sharewa. Yaya ya zo da wuri cikin fara'a, ya zauna yana danna waya, yana cewa shi dai ya gaya wa mutane tun farko.

Hantsi ya ɗaga. Ba kowa.

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta fara koya wa zuciyarta yadda ake gaishe da Mai Yadi da fara'a. Zuciyar ta ƙi ɗauka.

Sai ta ji sallama. Murya ce a hankali, wadda ta tsaya a tsakiya sannan ta ƙarasa.

Ta zabura ta laɓe a bayan ƙofar falo. Shi ne, shi kaɗai. Gumi ya jiƙa masa riga, ƙura har gwiwa. Maɓallin rigar ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba, alamar da hannunsa ya sa.

"Ina Mama?" in ji Yaya, yana leƙa bayansa.

"Na ce... ta zauna. Na ɓata hanya. Na tambaya."

Ya durƙusa ya gaishe da Baba. Baba ya nuna masa wuri, ya zauna a ƙasa.

"Baba, maganata tana... jinkiri. Ina roƙon a ba ni lokaci."

"Ba inda za ni," in ji Baba.

"Ban warke ba. Ƙila ba zan koma... yadda nake ba. Ina mantuwa. Ina shan magani. Ina ganin likita... saboda ciwon damuwa. Akwai ranar da nake kasa tashi. Aiki zan fara kaɗan-kaɗan, a gida. Ban zo in ce... na fi kowa ba. Mai Yadi mutumin kirki ne."

"To ka ji, Baba," in ji Yaya. "Shi da kansa ya..."

Baba ya ɗaga hannu, Yaya ya haɗiye sauran.

"Duk na ji. Amma ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba."

Injiniya ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Yaya ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya kau da kai. A bayan ƙofa Auta ta cusa mayafi a baki ta cije, hawaye yana bin hannunta.

"Na ce ta nemi wani," ya ce da ƙyar. "Ƙarya na yi. Ban taɓa... haƙura ba. Ina sonta, Baba. Ina son Auta. A yadda nake ɗin nan... nake roƙo."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ranar da ka kasa tashi, ita me za ta yi?"

"Ban sani ba... duka. Muna koya. Likita tana koya mana."

Yaya ya miƙe. "Baba, yanzu fisabilillahi a kan wannan za a..."

"Kai ka kawo maganar Mai Yadi tun farko, kai za ka je ka ba shi haƙuri. Ka yi masa magana mai kyau, bai yi mana laifi ba." Baba ya juya wurin Injiniya. "Yaushe za ka koma wurin likitar nan?"

"Ranar... Laraba."

"Ka biyo ta nan mu tafi tare. Ni ma ta koya min. Ba zan yi ɗa a gidana ban san yadda ake zama da shi ba."

Injiniya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Baba ya miƙa hannu ya dafa kansa, daidai wurin tabon, ya bar hannun a nan.

Sannan ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba.

"Ke kuma mai laɓe, ƙafarki tun ɗazu nake ganinta. Kawo wa mijinki ruwa, daga nesa ya tako."